Tambaya da Amsa: Wace sifana ce ta dace da kwance filogin mashin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mashin ɗina ɗan Chana ne mai 110, kwana biyu yana ba ni wahalar tashi da safe sai na ce bari in duba filogi da kaina. Sifanar da nake da ita mai buɗaɗɗen baki ta ƙi kamawa, na sa filaya, kawai sai farin tangaran ɗin ya tsage. Na je kasuwa an nuna min bokis sifana har kala uku na rasa wacce zan ɗauka. Don Allah a taimaka. Daga wani mai karatu a Malumfashi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Filaya dai don Allah kar ka ƙara kai ta kusa da filogi, tangaran ɗin nan shi ke tsare wuta kar ta zurare ta gefe, in ya tsage ko da siririn layi ne to filogin ya tashi daga aiki, sabo za ka saya.

Kafin ka koma kasuwa ka goge jikin tsohon filogin ka karanta lambar da ke rubuce, amsarka tana nan. In na kamfanin NGK ne ka ga C7HSA, ko A7TC a na Chana, to sifana mai lamba 16 kake nema, kuma yawancin ƙananan mashina masu 100 da 110 irin naka shi suke ɗauka. In D8EA ne ko D8TC, kamar na injin CG125 da ire-irensa, mai lamba 18 ce. Babbar nan mai 21 ta filogi masu fara da B ce, na tsofaffin mashina masu shan mai haɗe da baƙin mai kamar Vespa. Ka tafi da tsohon filogin a aljihu ka gwada a gaban mai shago, ta zauna daram ba girgiza. Kar ka yarda ya ce maka "ai 17 ma za ta yi", za ta yi ɗin sau ɗaya sau biyu, daga nan ta cinye kusurwoyin filogin ya zama mulmulalle, fitar da shi kuma sai an sha wuya.

Ka zaɓi mai zurfi wadda za ta haɗiye tangaran ɗin gaba ɗaya, bangonta siriri saboda ta shiga ramin, in ka samu mai roba a ciki ya fi don robar ce ke riƙe tangaran kar ya bugi ƙarfe. Ka leƙa ƙarƙashin sit ko akwatin gefe ma, sau da yawa kamfani kan sako irinta a jakar kayan aiki.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ɗaurawa, can ne ake yin ɓarna mai tsada. Kan inji alminiyam ne, filogi kuwa ƙarfe, in suka yi gardama kan injin ne zai ji jiki. Ka bari inji ya huce tukuna, ka hure ƙasar da ta taru a gindin filogin kafin ka kwance kar ta faɗa cikin silinda. Wajen mayarwa da yatsunka za ka fara murzawa, ba da sifana ba, in ka ji ya cije tun a zagaye na farko to ya hau karkace, ka dawo da shi baya ka sake. Sai ya zauna sannan ka sa sifana, sabon filogi ka ƙara kamar rabin zagaye don washarsa ta kwanta, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓawa kaɗan ya ishe shi. Ban da sa bututu a hannun sifana don ƙara ƙarfi. In tiredin ramin ya cinye sai dai ka kai wa makaniki ya sa masa helikoyil (wata naɗaɗɗiyar waya da ke maye gurbin tiredin) ko a canja kan injin ɗungurungum.

In ka sa sabo kuma har yanzu yana gardamar tashi da safe, ka ciro ka duba bakinsa, in ya yi baƙi da kunkunniya mai ne ya yi yawa, a duba maka kafireto da iya-kilina.