Filin Tambaya da Amsa: Ina ne daidai a ɗaura tocila a jikin bindiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne a yankin Toro ta jihar Bauchi, inada bindigar farauta mai baki ɗaya irin wadda ake karyawa a saka harsashi, kuma da lasisina. Beguwa da aladun daji sun addabi gonar rogona, cikin dare suke shiga, shine na samu tocila 'yar caji na ɗaure a ƙasan bututun da robar tayar keke, toh matsalar itace duk harbin da nayi sai ta mutu sai na bubbuga ta, kuma akwai wata inuwa da nake gani a saman hasken daidai inda nake son dubawa. Ƙanina yace a bidiyon Amurkawa a gefe suke sakawa. Dan Allah ina ne daidai, sama ko ƙasa ko gefe?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare maka amfanin gonarka. Ƙaninka yayi gaskiya, gefe yafi, kuma ka matso da ita gaba kusa da bakin bindigar amma kada ta wuce bakin. Bari inyi maka bayanin dalili dan ka iya gyarawa da kanka.

Masu wannan harkar a Amurka da agogo suke kwatanta wajen, wato in ka riƙe bindiga kana kallon gaba, samanta ƙarfe 12 ne, dama 3, ƙasa 6, hagu 9. Kai yanzu a 6 ka saka. Bututun yana tare hasken ne, dan haka duk inda ka ɗaura tocila inuwar bututu ɗaya gefen take faɗawa, ka saka a ƙasa inuwa ta tafi sama, shine abinda kake gani, ka saka a dama ta koma hagu, ka saka a sama ta faɗi ƙasa inda babu ruwanka da ita amma kuma tocilar ta tare maka ɗan ƙwallon saitin nan na kan bututu, kaga an gudu ba'a tsira ba kenan. Shiyasa mafi yawansu suke tsayawa a gefe ko gefe ta ɗan sama, wajen ƙarfe 1 zuwa 2 ko 10 zuwa 11. Girman inuwar kuma ya danganta da yadda tocilar tayi baya, in ka ɗaure ta can kusa da katakon da kake riƙewa da hagu toh duk tsawon bututun nan yana gabanta, inuwa zata cinye maka wajen sosai, in ka matso da ita gaba sai ta ragu. Amma in gilashin ya kai daidai baki ko ya wuce, wuta da hayaƙin harbi zasu dinga dukansa, harbi kaɗan zakaga yayi baƙi ƙirin haske ya dushe. Bar kamar faɗin yatsu uku ko huɗu tsakanin gilashin da bakin. Ka ɗan shafa basilin siriri a gilashin kafin ka fita, baƙin yana gogewa da tsumma cikin sauƙi.

Dama ko hagu kuma, hannun da yake tallafe da bindigar ne zai yanke. In badame ne kai, hagunka ne a gaba, dole babban yatsan hagu ya iya kunnawa da kashewa ba tare da ka saki riƙo ba, kuma yatsan da ke jan kunama babu ruwansa da makunnin fitila sam, wannan kada ka yarda ka haɗa musu aiki. Tunda bututunka dogo ne hannu bazai kai ga tocilar ba, akwai makunni mai 'yar waya da ake mannawa a jikin katakon gaba, ka danna ta kama ka saki ta mutu. Sai dai ka lura taka bindigar karyawa ake, dan haka wayar ta tsaya a ɓangaren bututu da katakon gaba kawai, in ta tsallaka gaɓar da ake karyawa zata tsinke ko ta maƙale.

Abinda kake gani a bidiyon nasu, bindigoginsu da wajen ɗaurawa suke zuwa. Akwai wani layin ƙarfe mai haƙora da ake kira Picatinny, sunan wata ma'aikatar makaman sojan Amurka ce a jihar New Jersey, a 1995 sojojinsu suka maida shi ma'auni ɗaya, daga baya kamfanin Magpul ya fito da nasa tsarin M-LOK a 2014. Taka bata da ko ɗaya, dan haka maƙalin da ake ɗaurewa a bututu da noti zaka nema, ka saka 'yar fata tsakaninsa da ƙarfen, kuma kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya domin bututun irin bindigarka bashi da kauri, yana iya lotsawa. Dan girman Allah kada ka kaita wajen mai walda, kada kuma a huda bututu, wallahi bututun da akayi wa haka yana iya tarwatsewa a hannun mai shi. Roba kuwa tana saki, yau hasken na nan gobe ya karkace.

Mutuwar da tocilar take yi ba daga wajen ɗaurawa bane, daga ita kanta ne. Lokacin da bindiga ta ja baya batirin ciki yana zabura ya rabu da ƙarfen da yake taɓawa, tocilar gida sifirin (ƙarfen nan mai murɗe da ke danne batir) ɗaya gareta a gindi, waɗanda aka ƙera dan bindiga irin na kamfanonin SureFire da Streamlight an yi su ne su jure wannan dukan. Suna da tsada gaskiya. In bazaka iya ba nemi mai jikin alminiyam mai ƙwan LED wadda keda sifirin gaba da baya, irin mai cin batir 18650, kuma mai haske ɗaya, banda masu rawar nan da sai ka danna sau uku kafin ka samu wanda kake so.

Yanzu ga abinda yafi duk wannan damuna, kuma shi nake so ka riƙe. Ranar da ka ɗaura tocila a bindiga, duk abinda ka haska ka nuna shi da bakin bindiga mai harsashi. Kaji motsi a cikin rogo ka juya ka haska, in yaron maƙwabcinka ne ya biyo akuyarsu, ko makiyayi ne dare yayi masa, ko wani manomi ne shima yazo gadi, ka riga ka saita ɗan adam kana cikin firgici da duhu. Dan haka tocilar bindiga ba ta neman abu bace. Nema da fitilar goshi ake yi kamar yadda mafarautanmu suka saba, ko tocilar hannu, bindiga na kallon ƙasa yatsa na wajen kunama, sai ka ga dabbar da jikinta gaba ɗaya ka tabbatar, sannan ka ɗaga ka kunna ta bindigar ka ƙara tabbatarwa har da abinda ke bayanta. Kuma ƙyallin ido a duhu ba shaida bace, idon saniya da na akuya da kare da mage duk suna ƙyalli in haske ya doke su, wanda yayi harbi dan yaga ido biyu kawai zai iya wayar gari da gawar saniyar mutane, wannan ma in abin yazo da sauƙi kenan. Ka kuma sanar da maƙwabtan gona da mai unguwa cewa kana gadin dare a wajen, kowa yasan inda kake tsayawa.

Masu bindigar toka da zasu karanta wannan, ku hayaƙin albarushinku yafi yawa nesa ba kusa ba, bayan harbi hasken dukan hayaƙin yake ya dawo muku ido kamar fitilar mota cikin hazo, na ɗan lokaci baku ganin komai, dan haka in kunyi harbi ku dakata hayaƙin ya washe ko ku ɗan gusa gefe kafin ku taka gaba.

Idan ka gama ɗaurawa, cire harsashi ka leƙa ka tabbatar babu komai a ciki, ka tsaya da dare gaban bango ko bishiya kamar taku ashirin inda babu kowa, ka saita ka kunna ka gani ko tsakiyar hasken na faɗawa inda ƙwallon saitin yake nunawa, in bai faɗa ba ka sassauta notin ka gyara. Bayan harbin farko da na biyu ka sake duba notin, yawanci a nan yake fara kwancewa.