Amsa ga mai tambaya kan kalmar iam ta Latin

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa ƙamus ya ba ka iam da nunc duk a matsayin "yanzu", amma in ka sa "yanzu" a fassara sai jimlar ta ƙi zama. Wallahi ni ma nan na maƙale lokacin da na fara koyo wajen wani tsohon fada, wato malamin coci, a Jos, na yi wajen wata uku ina ɗaukar su abu ɗaya.

Nunc yanzu ce kawai, wannan lokacin da muke ciki, ba ruwanta da abin da ya wuce. Ita kuwa iam tana waiwaye, tana gaya maka cewa da ba haka abin yake ba, wani abu ya canza. Ranar da na gane haka, malamin ya rubuta min a bayan takarda: Marcus iam non habitat Romae. Na ce "yanzu Markus ba ya zaune a Roma". Sai ya ce to da fa, ya taɓa zama? Na yi shiru, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin iam non ya ce in sake tunani da Hausa, ai nan take "daina" ta faɗo min, Markus ya daina zama a Roma. Tun daga ranar na daina bi ta Turanci, don ni a ganina Hausa ta fi kama wannan kalma nesa ba kusa ba.

Duba aikatau ɗin da ke kusa da ita kafin ka fassara. In abin ya wuce ne to "riga" ko "tuni" ce, iam venit tuni ya zo, iam nox erat dare ya riga ya yi. In na gaba ne kamar iam veniet to irin "yanzun nan zai zo" ɗinmu ce, wato bai zo ba amma ya kusa. Kishiyarta kuma nondum, ita ce "tukuna", nondum venit bai zo ba tukuna.

Inda na fi jin daɗi shi ne iam diu, da ƴan'uwanta iam pridem da iam dudum. Masu koyo ta Turanci suna shan wuya a nan saboda Latin tana barin aikatau a lokacin yanzu alhali abin ya faro tun da, mu kuwa ai haka muke magana kullum, iam diu te exspecto, na daɗe ina jiranka, ka ga "ina jira" ɗin bai ƙare ba, har yanzu ana ciki. Cicero, shahararren mai jawabi kuma ɗan siyasar Roma, ya yi irin wannan a jawabinsa na farko kan Catilina, wanda ya zarga da ƙulla makirci, a majalisar dattawan Roma, shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya ce iam diu machinaris, wato ka daɗe kana ƙulla mana sharri, kuma ma'anar ita ce bai daina ƙullawar ba har lokacin da ake maganar. In ka mayar da shi "ka ƙulla" ka kashe zafin zargin gaba ɗaya.

Kada rubutun ya rikita ka, tsofaffin littattafai da na coci da yawa jam suke rubutawa, kalma ɗaya ce, kuma "yam" ake furtawa ba "jam" ba. Ƴan'uwanmu na Nijar da ke cikin wannan guruf ma sun san ta ba tare da sun sani ba, don tana cikin déjà da jamais na Faransanci, haka kalmar ya ta Sifaniyanci da già ta Italiyanci duk daga gare ta suka fito.

Abin da na yi wanda ya taimake ni, na ware shafi guda a littafina, duk inda na ci karo da iam sai in kwafe jimlar gaba ɗayanta in gwada "riga", in gwada "daina", in gwada "daɗe", in gwada "yanzun nan", in ga wacce ta zauna. Ka turo jimlolin da suka ba ka wahala mu gwada su tare a nan.