Tambayi Likita: Hannun ɗana na dama a dunƙule yake

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 3. Da aka haife shi bai yi kuka da wuri ba. Yanzu hannunsa na dama a dunƙule yake, babban yatsa a cikin tafi, komai da hagu yake ɗauka. Kakarsa ta ce shan inna ce, a kai shi a yi masa tsaga. Ya zan yi? Daga wata uwa a Ƙauran Namoda.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga yaron ba, amma abin da kika kwatanta bai yi kama da shan inna ba. Ita shan inna gaɓa take saki ta yi laƙwas, hannun ɗanki kuwa ƙagewa ya yi. Ya fi kama da larurar da ke samun ƙwaƙwalwar jariri idan iska ba ta ishe ta ba lokacin haihuwa. Ciwon shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa da sanƙarau su ma suna jawo ta. Tushen abin yana cikin ƙwaƙwalwa, reza ba za ta kai can ba. Ki lallaɓa Kaka, a bar maganar tsaga.

Abin da ya fi damuna da irin wannan hannu shi ne yaro ya manta da shi. Hagu tana biya masa buƙata, sai ya bar dama a naɗe, kullum tana ƙara ƙagewa. Don haka aiki za ki ba ta, amma cikin wasa. Ki sa masa safa a hannun hagu na ɗan lokaci kowace rana, kina zaune kusa da shi, ki ajiye murafun gorar ruwa manya ya riƙa ɗauka da dama yana jefawa cikin kwano. Da farko da bayan hannu zai ture su. Ki yaba masa, farawa ce. In ya gaji ki cire safar. Sannan a yi wasan hannu biyu: dama ta dafe ƙwarya, hagu tana juya ludayi, ko ya riƙe ƙwallo babba. Banda gyaɗa da wake, kada ya jefa a baki.

Bayan wanka, ki buɗe yatsun a hankali, ki fito da babban yatsa daga tafi. Ba a fizga, ba a gasawa da ruwa mai zafi. Kuma don Allah a daina dukan hannunsa in ya kai hagu cikin tuwo, ba rashin tarbiyya ba ne.

Ki kai shi sashen gashin ƙashi, wato masu koyar da motsa gaɓoɓi, na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, su duba ƙafarsa ta dama ma, su ga ko yana buƙatar abin ɗaure hannu da ke ware yatsu. In yana suma ko jijjiga, ki fara gaya musu wannan.