Marubucin Da Nake Karantawa Ya Karkace A Aƙida: Shin In Ƙone Littattafansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare a cikin Katsina, ina zaune a Ƙofar Marusa. Akwai wani marubuci da na daɗe ina karanta littattafansa na hikaya da rubutattun waƙoƙinsa, har nakan ɗauko baiti in koya wa ɗalibai karin magana. Ban taɓa cin karo da batsa ko saɓo a ciki ba. Kwanan nan aka turo mini hoton wasu maganganu a WhatsApp, aka ce shi ya rubuta a Facebook yana sukar wasu hadisai da malamai. Yayana ya ce in tattara littattafan in ƙone, wai mai karanta su ya yi tarayya a zunubin. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, kada ki ƙone littattafanki. Matuƙar abin da ke cikinsu tsarkakakke ne kamar yadda kika faɗa, karanta su halal ne, kuma karkatar mai su ba ta mayar da halal haram. Sai dai akwai iyaka, kuma zan zo kanta.

Kafin komai, kin tabbatar shi ya rubuta? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan labari ya zo ta hannun wanda ba a amince da shi ba, balle hoton rubutu da ba a san wanda ya fara yaɗa shi ba. Ana buɗe shafi da sunan mutum bai sani ba, ana yanke magana a bar rabinta. Sannan sukar malami daban, inkarin hadisi daban, kuma ko inkarin hadisin ma sai an duba wane hadisi ne, da jahilci ne ko da tawili. Wannan aikin malamai ne, ba na zauren WhatsApp ba.

To, mu ƙaddara ya tabbata. A Sahihu Muslim, sahabi Sharid ɗan Suwaid ya ce wata rana Annabi (SAW) ya goya shi a bayan abin hawansa, ya tambaye shi ko ya haddace wani abu daga waƙoƙin Umayya ɗan Abis Salt. Ya rera baiti, Annabi ya ce ƙara, ya rera, ya ce ƙara, har sai da ya kai baiti 100. Umayya kuwa ya riski Musulunci bai karɓa ba, har ya yi wa mushirikan da aka kashe a Badar waƙar makoki. Duk da haka Annabi ya saurari waƙarsa saboda ambaton kaɗaitakar Allah da tashin ƙiyama da ke ciki. Ina son ki tsaya kan wannan hadisi da kyau. Idan ƙin Musulunci kacokan bai hana a saurari kyakkyawan baitin mutum ba, yaya kuskuren Musulmi zai hana? Haka a Buhari, lokacin da Shaiɗan ya koya wa Abu Huraira karanta Ayatul Kursiyyu kafin barci, Annabi cewa ya yi ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. An karɓi maganar, ba a wanke mai ita ba.

Kuma wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a garin nan. Shehu Magili, wanda ya zauna a Katsina da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya saɓa da Imam Suyuɗi kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja da hankali. Suyuɗi ya haramta shi, daga cikin hujjojinsa akwai cewa daga kafiran Yunan ya samo asali. Magili ya aika masa da waƙa, ma'anarta ita ce ka karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ne, da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Suyuɗi ya mayar masa da amsa a waƙe yana nan kan bakansa, cikin girmamawa. A wannan gaɓa ni fahimtar Magili ta fi kwanta mini. A zaurukanmu ma ai tun kaka da kakanni ana karanta waƙoƙin Shu'ara'ul Jahiliyya, wato mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci, domin lugga, har da na Imru'ul Ƙais, wanda a waƙarsa akwai abin da malami kan sunkuyar da kai idan ya zo fassarawa.

Yanzu iyakar. Yayanki bai yi magana a banza ba, tsoro ne ya sa shi, kuma tsoron yana da tushe. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke ɗaukar addininku. Saboda haka ki ɗauki Hausa da hikima daga wannan mutum, amma ba fatawa ba, ba tafsiri ba, ba hukuncin hadisi ba. Ki dubi yadda magabata suka yi da Zamakhshari, wanda ya rasu a shekara ta 538 bayan Hijira. Mu'utazili ne, wato ɗan wata ƙungiya da ta saɓa wa Ahlus Sunna a aƙida, bai ɓoye ba, amma a fagen balagar Alƙur'ani da wuya a tsallake tafsirinsa Kashshaf. Malaman Sunna ba su ƙone littafin ba, kuma ba su miƙa shi ga kowa da kowa ba. Ibnul Munayyir, Bamalike, ya bi shi yana tono wuraren da ya cusa aƙidarsa, Bulƙini kuma ya ce da hantsaki ya riƙa ciro aƙidar Mu'utazilancin daga ciki, don tsabar ɓoyuwarsa. Hikaya ta fi tafsiri iya ɓoye irin wannan. Marubuci ba zai ce miki ki yi shakka ba. Sai ya sa shakkar a bakin jarumin da kika fi so, ya mayar da limamin labarin abin dariya. Idan kika ga haka ya fara bayyana a sababbin rubuce-rubucensa, ko kika ji ƙaunar alƙalaminsa ta sa kin fara nema masa uzuri a abin da kika san ɓata ne, to a kanki ya zama wajibi ki ajiye. Inda kuwa aka fito ƙarara ana izgili da ayoyin Allah ko Manzonsa, aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta hana zama a wurin, kuma shafin littafi ko na intanet majalisi ne.

Batun ɗalibai ya fi nauyi a wurina. Ke kina da wayon tacewa, yarinya 'yar shekara 14 ba ta da shi. Kika yabe shi a aji, da yamma za ta nemi sunansa a waya, ta faɗa kan abin da ba ki koya mata ba. Idan littafin yana cikin manhaja, ki koyar, ki gaya musu a fili cewa gwani ne a harshe amma ba a ɗaukar addini a wurinsa. Idan zaɓinki ne, Hausa ba ta rasa mawaƙa ba, ki ɗauko baitin wani.

Saye kuma ciniki ne, Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina. Abin da kika riga kika saya dukiyarki ce, ƙone ta ɓarna ce. Amma idan mutum ya mayar da karkatarsa abin da yake kira zuwa gare shi, to bin shafinsa da yaɗa rubutunsa da tallata shi na shiga taimakekeniya a kan saɓo, wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Aya ta 8 a surar kuma ta hana ƙiyayya ta sa mu ƙi adalci, don haka ba a zaginsa, ba a kafirta shi, ba a ƙaryata baiwar da Allah Ya ba shi. Ki roƙa masa shiriya, domin Ka'abu ɗan Zuhair da ya yi wa Annabi zambo shi ne ya dawo ya tsaya gabansa da waƙar yabo.

Ki kai wa yayanki wannan amsa cikin ladabi, kada ki mayar da ita abin cin nasara a kansa. Idan akwai shafin da ya gani a littattafan wanda ke ba ki lura da shi ba, ku turo mini in duba.

Wallahu a'alam.