Kiɗan ba ya dariya, kai ne kake yi

Yarona, na ga saƙonka bayan sallar asuba. Ka ce ka kalli kashi 6 na farko na Space Dandy, katun ɗin nan na Japan, kamar yadda na sa ka, ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, amma da ka rufe ido ka saurari kiɗan shi kaɗai ba ka ji wani abin dariya a ciki ba. Kana tambaya me nake so ka koya, tunda aikin da ke gabanka yi wa katun na barkwanci kiɗa ne. Ka kuma ce kiɗan ya yi maka kama da hatsin bara, yau wannan salo gobe wancan. To ai rabin amsar kai ka ba kanka, ba ka dai lura ba ne.

Tuna aikin da ka kawo min ranar Litinin. Duk inda mutum ya faɗi ka sa masa "ƙwal", duk inda ya zaro ido ka sa masa "tuwing", fiyano kuma na ta tsalle a ƙasa tun daga farko har ƙarshe. Ka san irin mutumin da zai ba ka labarin ban dariya, yana yi yana zungurinka da gwiwar hannu, yana riga ka ƙyalƙyalewa? Haka kiɗanka ya yi wa mai kallo. Ya yi masa dariyar, bai bar masa komai ba.

Koma kashi na 6, wanda na tabbata shi ya fi kashe ka. Dandy, mai tulin gashin goshi, wanda sana'arsa farautar halittun sararin samaniya da ba a taɓa yi wa rajista ba, ya faɗo da jirginsa Aloha Oe a wani wuri da yaƙi ya cinye kowa sai mutum biyu. Kuma me ake yaƙin a kai? Ɗaya ya ce kamfai ne sutura ta gaskiya, ɗaya ya ce falmaran. An yi ƙoƙarin sulhu ya wargaje, wurin ya kama tarwatsewa. A nan kai da tuni ka cika wajen da ƙarar gwangwani. Su kuwa masu shirin, a wajensu sai Dandy ya ɗauko allon hawan igiyar ruwa, wanda tun farkon kashin abokan tafiyarsa QT da Meow suke masa tsiya cewa ajiye shi kawai yake yi don burga, ya hau tarkacen da ke fashewa yana sulu a kai. Sai waƙa ta shigo, waƙa ta gaske, mai daɗi, mai faɗi, irin wadda za a sa wa masoya a bakin teku da yamma. Yoko Kanno ce ta tsara ta, Junk Fujiyama ya rera. Babu wasa ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Hoton yana ce maka wannan shirme ne, kiɗan yana rantsuwa cewa wannan ne lokaci mafi girma a rayuwar bawan Allahn nan, kai kuma kana tsakiya, dariya ta kama ka, tsigar jikinka kuma na tashi. Da kiɗan ya yarda shirme ne, da an tashi wasan.

Dalilin ke nan. Dandy bai san shi abin dariya ba ne, a ganinsa babu gwani kamarsa a duk sararin samaniya. Mai kiɗa yana bayan Dandy, abin da ke cikin kansa yake kaɗawa. In ka koma bayan masu kallo kana nuna shi da yatsa, ka bar wurin aikinka.

Batun hatsin bara kuma, da gangan ne. Kamfanin Bones ne ya yi shirin a 2014, kashi 26, zango biyu, Shinichiro Watanabe ne babban darakta, Shingo Natsume na riƙe da aikin tare da shi. Watanabe mutum ne da kunnensa ya riga idonsa. A shirinsa Cowboy Bebop na 1998 jaz ya ɗora labarin a kai, a Samurai Champloo na 2004 ya haɗa masu takobi da hip-hop. Da ya zo wannan bai ɗauki makaɗi ɗaya ba, ya tara jama'a aka kira su Space Dandy Band: akwai ita Kanno, akwai Taku Takahashi, akwai Shutoku Mukai, akwai ƙungiyar kiɗan fanki ta Mountain Mocha Kilimanjaro, da wasunsu da dama. Shirin ne ya buƙaci haka. A ƙarshen kashi na 1 jaruman duka suka hallaka, a na 2 ga su garau suna neman taliyar ramen, ba wanda ya yi maka bayani. Masu zane da daraktoci ma canzawa suke daga kashi zuwa kashi. In rawa ta canza haka, dole kiɗa ya bi ta.

Abin da ya hana taron watsewa doka ɗaya ce da Watanabe ya kafa musu: kada a taɓa kayan kiɗan da aka ƙera bayan 1984. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Labarin can gaba ne, zamanin jiragen da ke ratsa taurari, amma sautin na zamanin disko ne: jitar bes mai kauri, ƙahonni, tsofaffin injinan sauti irin na shekarun 1970 da farkon 1980. Ko ba a faɗa maka ba kunnenka zai ji cewa Dandy tsohon yayi ne mai jin kansa sabo. Kuma mutum ashirin in suka yi girki da tukunya ɗaya, ko miyarsu ta bambanta za ka ji ƙamshin gida ɗaya. Kai kana da sautuka dubbai a kwamfuta, shi ya sa kowane daƙiƙa goma kake canza kaya. Ni da na fara, fiyano ɗaya ke gare mu a situdiyo, maɓallansa biyu ma sun mutu, kuma wallahi aikin lokacin ya fi haɗuwa.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da yadda suke aiki a Japan. A yawancin shirye-shiryen anime, wato katun ɗinsu, na talabijin, makaɗi ba ya zama gaban hoto yana bin kowace fitowa. Daraktan sauti ne ke rubuta jerin buƙatu tun kafin a gama zane: kiɗan guje-guje, kiɗan kaɗaici, kiɗan shigowar mugu, kowanne da lambarsa. Makaɗi ya yi su cikakku ya miƙa. Sai ranar haɗa sauti a zaɓo, a yanka, a ɗora. Ka ga ashe barkwancin ba a hannun mai bugawa yake ba, yana hannun mai almakashi: ina kiɗan zai shiga, ina kuma za a datse shi. Kiɗan jarumta yana hawa, yana hawa, mutum ya buɗe baki zai yi babbar magana, sai ɗif. Shirun nan shi ne "ƙwal" ɗin da kake nema. A daƙiƙa ɗaya firem 24 ne, wato hotuna 24 ke wucewa, kuma na sha ganin firem 4 sun raba fitowar da ta ba da dariya da wadda ta mutu.

Kada kuma ka ɗauka na haramta maka sautin wasa. Su ma suna sawa. Gishiri ne, ba a yin tuwo da shi. Amfanin riƙe kiɗa da mutunci yana fitowa a kashi na 5, inda Dandy ke yawo da ƙaramar yarinyar nan Adélie. Labarin ya juya ya zama mai taɓa zuciya, kiɗan bai sha wahalar juyawa ba, domin tun farko bai zubar da girmansa ba. Naka fa? Bayan minti biyu na "tuwing", ko ka kawo goge mai sa kuka ba wanda zai yarda da kai.

Ga aikinka kafin Asabar. Buɗe fayil ɗin, ka kashe duk sautukan wasan, kada ka goge, ka dai rufe bakinsu. Zaɓi kaya 4 kacal: ganga, bes, fiyano da ƙaho ɗaya. Fitowar da mutumin ke bin akuya a kasuwa, ka yi mata kiɗa kamar sarki ne ya fito hawan daba, da gaske, ba da wasa ba. Inda ya faɗa kwata ka datse komai, ka ƙirga biyu, sannan akuyar ta yi kuka. In ka gama ka mayar da sautin wasa 3 duk inda ka ga dama, ban yarda da na huɗu ba. Ka taho da hedifon ɗinka, nawa kunne ɗaya ya daina yi.