Ku Tambayi Anti: wai littafin zanen Japan har da na manyan mata?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki raba mana gardama. Ƙanwata ce ta turo min wani littafin zane na 'yan Japan a waya wai in karanta, na ce mata ni na wuce shekarun katun, yarana uku fa. Ita kuma ta dage wai manyan mata ake yi wa shi, maganar zaman gida da dangi ne a ciki. Da gaske take ko zolayata take yi? In da gaske ne da wanne zan fara?
Maman Uku, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ƙanwarki ce da gaskiya, sai ki ba ta haƙuri. A Japan littafin zane, wato manga, ba a bar wa yara shi ba, kowane rukuni da mujallarsa, yara maza da tasu, 'yan mata da tasu, magidanta ma da tasu. Na manyan mata shi suke kira josei, kuma tun wajen 1980 ya fara kafuwa, lokacin da 'yan matan da suka taso da karanta na soyayyar makaranta suka girma suka yi aure ko suka kama aiki, sai kamfanonin ɗab'i suka ga ai waɗannan ma kasuwa ne. A shekarar ne kamfanin Kodansha ya fito da mujallar Be Love, daga baya wasu suka biyo kamar Feel Young da Kiss, kuma galibi mata ne ke zanawa da rubutawa.

Abin da ya sa nake ganin zai miki daɗi, su ba sa tsayawa a ranar ɗaurin aure su ce labari ya ƙare, abin da ke biyo baya shi ne labarin, uwar miji, kuɗin cefane, miji da ba ya dawowa sai dare saboda aiki, tsohuwa da ta kwanta ciwo an rasa wanda zai yi jinya, wadda ta haura 30 ba ta yi aure ba dangi sun sa ta a baki. Rigimar suruka da uwar miji ma kaɗai har ɓangare guda gare ta a wasu mujallun.

Ki fara da Umimachi Diary na Akimi Yoshida, an buga shi daga 2006 zuwa 2018, littafi 9 ne. Mata uku ne 'yan uwa a garin Kamakura a bakin teku, babansu ya bar su tun suna yara ya bi wata mace, uwar ma daga baya ta tafi ta bar su wajen kaka. Ana nan sai ga saƙon rasuwarsa, suka je jana'iza suka tarar da 'yar ubansu Suzu, yarinya 'yar sakandare, 'yar matar nan da ta raba gidansu, ita ma uwarta ta rasu, yarinyar tana hannun wata matar uba. Babbarsu Sachi, nas ce a asibiti, kallo ɗaya ta yi wa yarinyar ta gane ita ta yi jinyar uban, kawai a tashar jirgin ƙasa ta ce mata ki zo mu zauna tare. To ke da kika san yadda 'yan ubanci yake ba sai na miki bayanin nauyin wannan maganar ba. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta mai da su waliyyai ba, Sachi na da zafin rai, ba ta yafe wa uwarta ba, ita kanta kuma tana soyayya da wani likita mai mata, wato abin da take zargin wata da shi ita ma ƙafarta na ciki. Hirokazu Kore-eda ya mai da shi fim a 2015 in karatun ya miki nauyi, amma littafin ya fi shiga cikin rayuwar kowacce.

In kin gama sai Ikoku Nikki na Tomoko Yamashita, 2017 zuwa 2023. A labarin, Makio marubuciya ce 'yar shekara 35 mai gudun mutane, yayarta da mijinta suka mutu a hatsarin mota, ta ɗauki 'yarsu mai shekara 15 duk da cewa ita da yayar ba sa ga maciji. Ba ta yi wa yarinyar ƙaryar ƙauna ba, alƙawarin da ta yi mata shi ne ba za ta wulaƙanta ta ba. Shi kam a hankali yake tafiya, mai son a yi ta tashin hankali zai gaji.

Sai ki kula, daga dama zuwa hagu ake karantawa kamar Larabci, in kika fara ta hagu za ki ga amsa kafin tambaya.

Tambaya: Anti 'yata shekararta 13, kullum tana kan waya tana karanta irin waɗannan, in bar ta?
Wata uwa, Maraɗi

Amsa: Hajiya ki karɓi wayar ki duba da idonki, kar kyan zanen ya ruɗe ki. A cikin na manyan matan nan akwai waɗanda batsa ce tsagwaronta, tun shekarun 1980 ma da wannan aka san wani sashe nasu, kuma shafukan da ake karantawa kyauta a intanet ba sa tacewa, ga tallace-tallacen banza a gefe. Ko masu tsaftar ma akwai shan giya da zaman saurayi da budurwa ba aure, don haka rayuwarsu take a can. Ki tambaye ta sunan wanda take karantawa, ki karanta babi biyu ko uku da kanki kafin ki yanke hukunci, in kin ga an rubuta josei ko 18+ a jiki ki ce ta dakata tukuna.