Hajiya, kujerar Paris ba za ta biya hayar Maraɗi ba

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Maraɗi ce ta rubuto min. Ta ce ta je ganin ɗiyarta a Faransa, sati uku, kullum suna yawon gidajen kafe da shagunan gato, in sun fito su shiga gidan kayan tarihi kallon zane-zane. Abin ya shiga ranta sosai, yanzu tana da miliyan 8 na sefa a hannu tana so ta buɗe irin wurin nan a Maraɗi, kujeru, kofi, kuruwasan (burodin Faransa mai falle-falle), bango cike da zane. Tambayarta, ta zuba kuɗin ko kuwa?

To Hajiya sannu da dawowa, Allah ya sa an baro su lafiya. Ni ban ga laifin sha'awar ba ko kaɗan, amma don Allah kar ki zuba miliyan 8 ɗin nan a yadda kika tsara shi.

Kin ce kin sha kofi na yuro 5 a kusa da Luvur, babban gidan kayan tarihin nan na Paris. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kenan kin biya sama da jika 3 a ɗan kofin da bai kai rabin kofin mai shayi ba. Ruwan kofin nan ba shi ne ya ci kuɗin ba, kujerar kika biya da titin da take kallo, shi ya sa ma a gidajen kafe da yawa na can in ka tsaya a kanta ka sha a tsaye kuɗin ya fi sauƙi a kan in ka zauna a waje. Kuma su suna da mutane, Luvur kaɗai baƙi kusan miliyan 9 ke shiga a shekara, su fito da gajiya da yunwa suna neman wurin zama. Angelina, gidan shayi da gaton da kika ambata, tun 1903 take a titin Riboli, shagon gato na Stohrer kuwa tun 1730 aka buɗe shi, sunansu kawai ya isa ya jawo layi. Ke a Maraɗi wa zai wuce ta ƙofarki? Ma'aikatan banki, 'yan ƙungiyoyi, ɗaliban jami'a, matan da suka fito unguwa. Akwai su, amma abokin takararki mai shayi ne da tebur ɗinsa da Nescafé da burodi da ƙwai, shi kuma ba ya biyan haya ba ya biyan kuɗin sanyaya ɗaki.

Inda na fi jin tsoro shi ne kuruwasan. Kuruwasan na gaske bota ake ninkewa cikin kwaɓin fulawa, a ninke a sa a firij, a fito a sake ninkewa, kuma botar nan mai maiƙo 82 cikin ɗari ce wadda daga waje ake shigo da ita. Da zafi ya ɗan haura digiri 30 ta fara narkewa ta shige cikin kwaɓin, sai ki gasa ki ga burodi kawai ya fito ba falle-fallen nan. Ke kin san Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, sama da 40 ake yi, ga ɗauke kuran. Gato mai kirim kuwa in firij ya tsaya na 'yan awoyi ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, cutar da mutane za ki yi in kika sayar. Don haka kafin ki sayi kujera ko ɗaya, kuɗinki ya fara tafiya ga murhun gashi mai kyau, injin kwaɓi, firij biyu, ɗaki ɗaya mai sanyi, da sola ko janareto da zai ɗauke su duka. Ki je ki yi farashin waɗannan da kanki, za ki ga yadda miliyan 8 ke ƙanƙancewa.

Da ni ce ke, rabin kuɗin zan taɓa, sauran su zauna cikin atamfa tunda ita ce ta tara su. In kama ƙaramin shago mai kanta da tebur uku ko huɗu, ɗaya a bayan labule saboda mata da iyali, don kin san matan garinmu ba za su zauna a bakin titi suna cin gato ana kallonsu ba. Da safe baget da burodi mai cakulan, mutanenmu dama sun saba da baget ba sai an koya musu ba. Ribar gaske kuma tana cikin oda, gaton biki, na suna, na murnar haihuwar yara, na taron ofis, a ba ki rabin kuɗi tun kafin ki fasa ƙwai, babu kwantai. Ga ki da kwastomomin leshi, duk mai sayen kayan lefe ai gato na gabanta, lambobinsu na cikin wayarki. Ki kuma sa azumi a lissafi, wata guda rana ba ciniki sai dab da shan ruwa.

Mai gashi ki nemo wanda ya yi aiki a shagon gato a Yamai, ki biya shi da kyau, amma ki sa yara biyu naki su koya a gefensa, don ranar da ya yi fushi ya tafi shagon kar ya tafi da shi.

Zancen zane kuwa shi ya fi burge ni a wasiƙarki, kuma kar ki saya ko ɗaya. Ki ba masu sana'a bango, su rataya kayansu da farashi a jiki, in an saya ki ɗauki kamashonki ko 20 cikin ɗari ne, ki rubuta a takarda wa ke da me. In kin je Yamai ki shiga gidan tarihi na Bubu Hama, masu aikin hannu na nan ciki suna aiki a gabanki, ki leƙa cibiyar masu aikin hannu ta Wadata ma. Akwai aikin fata na Damagaram, azurfar Agadas, allon zayyana, dagi. Su za su fi shiga a kan hoton mutane da wasu kwastomomin ba za su so a kansu ba. Duk wata biyu a canza kayan, wanda ya zo jiya ya samu dalilin dawowa.

Ki yi wata shida a haka kina rubuta abin da ya shigo da wanda aka zubar kowace rana, sai ki turo min littafin mu duba tare ko lokacin ƙara kujeru ya yi.